Wanda Ya Cire Sunan Baba

Shekarar da aka haƙa wa manoman fadama rijiyoyin burtsatse, ni ne nake zaune gaban kwamfuta ɗaya tilo da ke ofishin aikin gona a Bodinga. Na faɗi wannan tun farko don kada a ce na ɓoye. A garinmu, Dandin Mahe, iyakar abin da aka sani ke nan har yau, kuma gaskiya ne. Sauran da ba a sani ba shi zan rubuta.

Wanda ya kai ni ofishin ɗan baffana ne, ɗan wan mahaifina. Ya girme ni da shekara tara, Yaya nake ce masa. Iyayenmu ba sa ga-maciji tun siyasar Jamhuriya ta Biyu. Baffa yana jam'iyyar da kusan kowa a ƙasarmu yake ciki, Baba kuwa da taurin kansa ya je ya ɗauko tutar wata ya kafa a ƙofar gida. Aka yi zaɓe, aka yi zage-zage, soja suka zo suka watse da siyasar gaba ɗaya, amma wa da ƙane ba su koma gaisawa ba har Baffa ya rasu. Saboda wannan gabar, fadamar da kakanmu ya bari ba a taɓa zama an raba ta ba. Baba ne yake nomanta, don 'ya'yan Baffa duk sun bar fartanya sun kama aikin gwamnati.

Yaya bai shiga rigimar ba, ko in ce haka na ɗauka. Na gama makaranta a lokacin tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, aiki kuwa ko na masinja babu. Shi ya aiko a kira ni, ya ba ni ɗaki a gidansa, matarsa tana zuba mini tuwo tare da na yaranta. Shi ya kama yatsuna ya ɗora a kan madannai. In na yi shirme ya ja kunnena yana dariya, ya ce kan nan nawa albasa ce aka cika shi da ita. Na so shi ƙwarai, ba na jin kunyar faɗa.

Aikinmu shi ne mu rubuta manhajar da za ta fitar da sunayen waɗanda za a haƙa wa rijiya. Manya sun ce an kawo kwamfuta ne don a daina cusa sunaye da biro, saboda haka masu haƙa ba za su bi kowace takarda ba sai wadda injin ya buga. Salon rubutun sabo ne a lokacin, Yaya ya koyo shi a wani kwas. Maimakon a rubuta manhaja doguwa daga sama har ƙasa, sai a raba ta gida-gida, kowane ɓangare yana riƙe da kayansa da ayyukan da ya iya, in yana son wani abu a wurin ɗan'uwansa sai ya kira shi. Masu sana'ar suna da sunan da suke ce wa waɗannan ɓangarori da Turanci, mu dai ma'aikata muke ce musu. Akwai mai riƙe jerin sunaye. Akwai mai tace maimaici, wanda yake duba ko mutum ɗaya ya yi rajista sau biyu. Akwai mai fitar da mamata da waɗanda suka ƙaura. Waɗannan uku ni na rubuta su. Na huɗu shi ne mai bugawa, wanda yake tsara takarda ya miƙa wa firinta, shi kuma na Yaya ne. Ainihin rubutunsa yana kan faifai a aljihun Yaya, mu sarrafaffen kawai muke da shi a kan injin, wanda injin yake aiki da shi amma mutum ba ya iya karantawa.

A cikin ayyukan mai riƙe jeri akwai wani ɗan gajere mai suna cire. Ka ba shi lambar manomi, ya fitar da shi daga jerin da za a buga. Layi shida ne kacal. Ba ya tambayar dalili, kuma ba ya sanin wanda ya kira shi, kamar matar gida ce da ta ji sallama daga zaure ta miƙo abin da aka nema ba ta ga fuska ba. Ni na rubuta shi haka, don haka ake rubuta su.

Baba ya yi rajista tun da damina. Shekarunsa sun ja, kuma da jigo yake ban-ruwa, ya sunkuya ya ɗago tun hantsi har kafaɗarsa ta daina ɗaguwa. A shekarar nan, jin za a haƙa masa rijiya, ya yi rainon irin albasa ninki biyu na wanda ya saba. Ya riƙa faɗa a majalisa cewa ɗansa ne yake tuƙa injin. Na roƙe shi ya daina, bai daina ba.

Da aka liƙa takarda a ƙofar dagaci, babu sunan Baba.

Ranar Juma'a na je gida. Tun daga bakin kasuwa ake yi mini kallon da na gane. Wani tsoho abokin wasan Baba ya tare ni ya ce, "Kai ad da kwamfuta ko? To madalla. Kowa ka sanya, ubanka ɗai kab bari." Aka fashe da dariya. Baba bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaye ni, "Mi yah hwaru?" Na ce kuskuren inji ne, akwai takardar gyara da za a buga nan da mako uku kafin masu haƙa su iso garinmu. Ya ce to, ya ci gaba da gyaran igiyar jigonsa.

Ranar Litinin na buɗe babban jeri, ga sunan Baba nan daram da lambarsa. To a hanya ake fitar da shi, tsakanin jeri da takarda. Wani daga cikin ma'aikatan yana kiran cire da lambarsa. Wane ne?

Yaya ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ransa a ɓace kamar nawa. Ya ce shi yana zargin mai tace maimaici, kuma maganarsa ta kama hankali. A ƙasarmu rabin maza sunaye uku ko huɗu suke rabawa, iyayensu ma haka. A Dandin Mahe akwai wani mutum mai sunan Baba, sunan ubansa irin na kakanmu, da laƙabi kawai ake bambanta su, fom ɗin rajista kuwa wanda ya tsara shi bai bar gurbin laƙabi ba. Na san da wannan, har na sa a riƙa duba unguwa kafin a ce mutum biyu ɗaya ne. Amma wa ya sani, ƙila na yi kuskure. Ni ne sabon shiga.

Na gwada mai tace maimaici shi kaɗai, sunan Baba ya tsira. Na gwada mai fitar da mamata, ya tsira. Yaya ya ce ai irin wannan cuta sai an haɗa su duka take fitowa. Haɗa su duka kuwa ba abin wasa ba ne. Wuta sai ta ga dama, man janareta ana auna mana shi, takardar firinta tana kulle a durowar Yaya, kuma aikin yana cin awa uku. Ranar Alhamis kawai ake yi, shi yake yi. Mai bugawa ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Mai bugawa bugawa yake yi, ina ruwansa da cire mutane?

Sai dabara ta zo mini, kuma na yi alfahari da ita. Na sake rubuta cire yadda duk wanda zai kira shi sai ya miƙa kansa tare da lambar manomin, shi kuma cire ya tambaye shi sunansa ya rubuta a wani fayil: wane ya cire wane. Na gyara ma'aikatana uku. Da yake na taɓa mai riƙe jeri, dole a sake sarrafa duk wanda yake hulɗa da shi, har da mai bugawa. Na nemi faifan. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Bari, ni ka yi ma shi. Wagga dabara taka ta yi kyau, yaro ya hwara zama malami." Ya sa ni na tafi sallar azahar, kafin in dawo ya gama.

Ranar Alhamis muka kunna. Awa uku ina zaune ina cizon farce. Da aka gama na buɗe fayil ɗin, na bi layi-layi har na kai lambar Baba. A gabanta an rubuta: mai tace maimaici.

Nawa ne. Ni na rubuta shi da hannuna. Yaya ya girgiza kai ya ce kada in damu, kowa yana kuskure, shi ma ya yi wanda ya fi wannan.

Na koma gida na durƙusa gaban Baba a zaure, da mutane a wurin, na ce na bincika, laifina ne, aikina ne ya ɗauke shi da mai sunansa mutum ɗaya. Na ce zan gyara. Baba ya ce Allah ya kyauta. Amma maganar ta fita, kuma a ƙauye ba a ce kuskuren rubutu, cewa aka yi ɗan wane ya amsa da bakinsa shi ya cire ubansa. Wasu suka ƙara gishiri, wai tun da na koma gidan Baffa na zama nasu.

Sauran kwanakin na kwashe su ina warware mai tace maimaici ina sake ɗinkewa. Na karanta shi har na haddace. Na ce wa Yaya mu kashe shi gaba ɗaya mu gani, ya ce a'a, jerin zai kumbura da masu rajista biyu, manya su ce mun yi cushe, a kore mu duka. Na yarda. Alhamis ta biyu sunan bai fito ba. Alhamis ta uku aka buga takardar gyara, babu shi. Masu haƙa suka zo Dandin Mahe da motarsu, suka haƙa wa maƙwabcin Baba na gabas da na yamma, suka tsallake shi suka wuce Horo Birni. Rabin irin albasar nan a wurin raino ya bushe, don jigo ba zai iya shayar da shi ba.

Bayan mako biyu aka kira Yaya taro a Sakkwato. Ya manta makullin durowa a kan tebur, kuma da safen nan akwai wuta. Babu abin da zan ceto kuma, haushi ne kawai yake cina. Na ce yau sai na ga ƙarshen wannan abu da ya kunyata ni. Na hana mai tace maimaici yin aiki kwata-kwata, yana nan a cikin manhajar amma ba wanda ya tashe shi. Na juya tsofaffin takardu na sa wa firinta, na kunna.

Da na buɗe fayil ɗin, ga mamata, ga waɗanda suka ƙaura. A can ƙasa kuma, layi ɗaya: mai tace maimaici ya cire lambar Baba.

Na daɗe ina kallon layin. Ma'aikacin da bai motsa ba, ya aka yi ya cire mutum? Sai a lokacin na ga ramin da ke cikin dabarata. Na ce kowa ya miƙa kansa, amma ban da hanyar sanin ko kansa ya miƙa. Mai kira yana iya kamo hannun wani ya miƙa, cire kuma zai rubuta sunan da aka ba shi.

Akwai wata hanya, wadda Yaya ya taɓa nuna mini sau ɗaya a gurguje bai sake komawa kanta ba. Duk lokacin da wani aiki ya kira wani, injin da kansa yana ajiye inda aka fito don ya san inda zai koma, kira a kan kira. Wannan jerin ba mai rubutu ne yake cika shi ba, don haka ba a yi masa ƙarya. Na sa sharaɗi a cikin cire cewa in lambar Baba ta zo, a tsaya cak. Na sake kunnawa. Na zauna har bayan azahar ban ci komai ba. Firinta ta gama garuruwa biyu, ta fara kan takardar Dandin Mahe, sai ta yi shiru. Na buɗe jerin kiran.

Cire ne a sama. A ƙarƙashinsa wani ɗan aiki mai suna gyara layi, wanda ban taɓa gani ba. A ƙarƙashin wannan, aikin buga kan takarda. Dukansu biyu na mai bugawa ne.

Na kashe injin. Abin da ya fi ƙona mini rai ba cirewar ba ce. Ranar nan ce da ya tura ni masallaci. Ya zauna a kujerata, ya ga tarkon da na ɗana, ya duba cikin ma'aikata huɗu ya zaɓi nawa ya miƙa. Sannan ya yi mako uku yana zaune kusa da ni yana ba ni haƙuri.

Ya dawo washegari. Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida yana yanke farce, na ce masa na ga gyara layi. Bai tambaye ni mene ne wannan ba. Ya ninke rezar ya sa a aljihu.

"Wa yab ba ka izinin taɓa injin ba ni nan?" Abin da ya fara cewa ke nan.

Na ce, "Yaya, Baba na hwa. Ƙanen ubanka."

Ya ce, "Hwadamar ta wa ta? In anka gina rijiya da sunanai, takardar gwamnati ta ce gonatai ta. Mu ɗiyan wanda yar rasu mu tashi da mi? Shekara nawa shina ci shi ɗai, wa yat tanka?"

Na ce to me ya hana shi zuwa ya faɗa a zauna a raba? Me ya sa sai ni? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce in da shi aka gani, da an ce gaba ce, gidajen biyu su sake kamawa da wuta. Ni kuwa kuskure ne, yaro ne, ɗansa ne, kwana biyu za a manta. Har ya ce mini in shiga in ci abinci, an ajiye mini.

A ranar na tattara kayana a buhu na hau motar garin Shagari, wadda take bi ta garinmu.

Na tarar da Baba a fadama da safe, yana kan jigo. Na karɓe shi na yi ta ja ina ba shi labari, tun daga cire har zuwa jerin kira. Ban san nawa ya gane a maganar injin ba, amma ya gane wanda ya yi. Na ce zan kai wa shugaban ofis, ina da shaida a rubuce, zan kuma tsaya a ƙofar dagaci in faɗa wa duk wanda ya yi mini dariya. Ina jira in ga ya tashi da fushin nan nasa da ya sa ya kafa tuta shi kaɗai a gari.

Ya zauna a bakin ramin ruwan. Can ya ce, "Wa kah hwaɗa ma wa?"

Na ce babu kowa.

Ya ce, "To kak ka hwaɗa. In anka kore shi, wa ka ciyar da matan wana? Na rabu da ubanai ba mu gaisa ba har yash shiga ƙasa. Ba ni ƙara wani. Kuma ga batun gona yana da gaskiya, ni yak kamata in kira su tun tuni."

Na ce, "Ni hwa, Baba? Gari duka sun ce ni nac ci amanarka."

Ya ce, "Ni na san ba kai na ba. Ya isa. Kai ɗana na, kana iya ɗauka."

Na so in ce ba zan iya ba. Na so in tambaye shi me ya sa a gidan nan duk wanda zai rufa wa wani asiri da ni yake rufawa. Amma ba a yi mana tarbiyyar mayar wa uba magana ba. Na ci gaba da jan ruwa har rana ta take, kuma a ranar na ji haushin Baba kusan yadda na ji na Yaya.

Ban koma ofishin ba. Na tafi Kaduna, na ci gaba da wannan sana'a, da ita na yi aure na rayu. Bayan shekara biyu aka zauna aka raba fadamar cikin lumana, Yaya yana zuwa gaishe da Baba duk sallah da buhun shinkafa, mutane suna yaba masa zumunci. Rijiya dai ba a sake zagayowa ba. Baba ya yi ta jan jigo har ƙarfinsa ya ƙare, ya bar noman rani.

Da Baba ya rasu, Yaya ne babba a dangi, shi ya zauna a tsakiyar tabarma yana karɓar gaisuwa, ni ina gefensa. A rana ta uku tsohon nan abokin wasan Baba ya zo, ya tsufa ƙwarai, ana riƙe da shi. Ya yi addu'a, ya shafa. Sannan ya kamo hannuna ya matse, ba da wasa ba wannan karon, da tausayi, ya ce, "Yaro, Allah shi sa ya yahe ma zancen rijiyag ga kahin shi cika."

Mutane suna jiran in amsa. Na juya na dubi Yaya. Idonsa yana kan carbinsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Amin."